Idan Kik Na Cin Abinci, Hitar Kujera Ta Jira

Duk wanda ya taɓa zama kusa da direba ya san wannan abin, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Rediyo na ta magana, direba ya murɗa makulli zai tayar da mota, sai rediyon ya yi tsit, fankar esi ma ta ɗauke. Injin na kamawa sai komai ya dawo. Ni dai shekara da shekaru na ɗauka batir ne ke kasawa. Ashe da gangan aka ƙera motar haka, kuma sai da na je SIWES a wani gareji a Jos na gane dalili, a kan kujerar wani dattijo.

Na san wani zai ce, hitar kujera kuma, a ƙasar da ake neman inuwa? Gaskiya ne, abin na ƙasashen ƙanƙara ne. Cadillac ta fara sa wa mai so a Amurka a 1966, Saab ta ƙasar Suwidin kuma ta mayar da shi cikin kayan da mota ke fitowa da su a 1972. Motocin da ake shigo mana da su daga Amurka da Kanada da yawa suna da maɓallinsa, masu su ba su ma san aikinsa ba. Amma wanda ya taɓa fita sallar asuba a Jos cikin Disamba, garin da ke kan tudu kimanin mita 1,200 sama da teku, ba zai yi dariya ba. Kuma ko ba ruwanka da hita, ka daure ka karanta, domin haɗin da zan bayyana shi ne dai na amfilifaya, da fitilun da ake jerawa a kan Hilux, da firjin mota, da duk wani kaya da ake ƙara wa mota bayan ta bar kamfani.

Dattijon ɗan fansho ne, yana fama da ciwon baya. Ɗansa da ke Kanada ya aiko masa da hita ta kujeru biyu: wasu siraran shimfiɗu ne masu waya a ciki da ake cusawa ƙarƙashin rigar kujera, ɗaya a mazauni ɗaya a majingina, sai maɓalli. Wani mai rewaya ya haɗa masa a tsohuwar Honda Accord ɗinsa. Bayan mako biyu sai ga shi a garejinmu. Ya ce da safe kik na juyawa amma injin ba ya kamawa sai an ɗauko batirin maƙwabci, kuma wani lokaci yana jin ƙaurin roba wajen sitiyari.

"Ɗana," ya ce da ni, "tun da aka sa abin nan bayana ya samu sauƙi. Motar ce ta kwanta."

Maigida ya ce in cire murfin da ke ƙarƙashin sitiyari. Ina cirewa na ga aikin. An feƙe ɗaya daga cikin manyan wayoyin da ke fitowa daga makunnin mota, an murɗa jar wayar hita a kai, an naɗe da baƙin tef. Ba fiyus, ba rile. Tef ɗin ya narke ya yi danƙo. Wayar da aka zaɓa kuwa ita ce wadda ke ciyar da kwayil da famfon mai da ƙwaƙwalwar mota, wadda a gareji muke ce wa birenbos. Shi kuma Baba ba ya kashe maɓallin hitar, kullum a kunne yake barinsa don ya tarar da ɗumi da wuri.

To, bari mu yi lissafi, don a nan ne na fara yin kuskure ni ma.

Batirin mota mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6 idan ba abin da ke ja. Kik na ƙaramar motar fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200 yayin da yake juya injin, na dizal ya fi haka nesa. Babu wani abu a mota da ke kusa da shi wajen ci. A cikin waɗannan daƙiƙu wutar batir takan sauka zuwa wajen bolt 10, kuma ƙa'idar da ake bi wajen gwajin batir ita ce idan ya faɗi ƙasa da 9.6 to ya fara gajiya. Ita kuwa hita, kowace kujera takan ja amfiya 3 zuwa 5 idan an ƙure ta. A ce kujeru biyu amfiya 8.

Da na ga haka sai na ce wa Maigida, ai amfiya 8 kusa da 150 ba komai ba ne, kashi biyar cikin ɗari ne kawai. Na ma ƙara da dokar Om da muka yi a aji: ko tsohon batir ne mai turjiyar ciki ta om 0.02, amfiya 8 ba za ta rage masa fiye da bolt 0.16 ba. Ina jin kaina injiniya. Maigida ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Lissafinka daidai ne, amma a batir ka yi shi. Je ka yi shi a inda aka ɗaura wayar."

Ga abin da yake nufi. Wutar kik ba ta bi ta makunni. Tana da katuwar wayarta daga batir kai tsaye, makunni saƙo kawai yake aikawa. Amma wutar kwayil da famfo da birenbos ta cikin makunni take bi, ta kan wasu ƙananan bakunan tagulla da ke haɗuwa idan an murɗa makulli. Motar da ta shekara ashirin ana murɗa ta, bakunan nan sun ci, sun yi baƙi. Mu ɗauka misali turjiyarsu da ta wayar ta kai om 0.1. Idan kayan motar na asali na jan amfiya 10 ta wurin, bolt 1 ya tafi. Ka ƙara amfiya 8 na hita, bolt 1.8 ya tafi. Batir yana kan 10 saboda kik, ke nan abin da ke isa ga birenbos bai wuce 8.2 ba. Tartsatsin fulogi ya raunana, famfo ya yi sanyi, kik na ta juyi a banza. Zafin da ke taruwa a wurin kuma ba ƙaruwa kaɗan yake yi ba, domin amfiya ake ninkawa da kanta sannan a ninka da turjiya: daga wat 10 ya haura wat 32, a wurin da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Ƙaurin da Baba ke ji ke nan.

Sanyi ma na da nasa hannun. Man injin yakan yi kauri, kik ya ƙara ja, batir kuma ƙarfinsa na raguwa da sanyi. Shi ya sa lambar CCA da kuke gani a jikin batir a ma'aunin sanyi 18 ƙasa da sifiri ake gwada ta. Mu a nan zafin bazara ne ke cinye batir a hankali ba a sani ba, sai safiyar hunturu ta tona asiri. Kuma safiyar da batir ya fi rauni ita ce safiyar da ake kunna hita.

Gyaran ya rataya ne a kan abu guda: sanin cewa wayoyin da ke da wuta a mota ba iri ɗaya ba ne. Testa na iya kamawa a kan guda uku, amma kowacce da lokacinta. Jamusawa sun ba su lambobi a ƙa'idarsu ta DIN 72552, kuma za ku ga lambobin a jikin rile da zanen wayarin. Lamba 30 ita ce mai wuta kullum, daga batir, ko an cire makulli. Lamba 15 tana samun wuta idan makulli na kan ON, kuma ba ta ɗaukewa lokacin START, don in ta ɗauke injin ba zai taɓa tashi ba. Lamba 50 ita ce mai kai saƙo ga kik, a START kaɗai take rayuwa. Lamba 31 ita ce nagatif, jikin mota. Sai kuma wadda muke nema: layin da ke da wuta a ON amma yake mutuwa a START. Masu Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, suna da shi da sunan X, har da rile na musamman a akwatin fiyus wanda aikinsa ke nan, ya sauke fanka da waifa da makamantansu har kik ya gama. A Honda ana kiransa IG2. Layin ACC na rediyo da wurin caja shi ma yakan ɗauke a START a yawancin motocin makulli.

Idan ka ɗaura hita a 30, ranar da aka manta ta a kunne an shiga uku. Amfiya 8 na awa huɗu amfiya-awa 32 ke nan, fiye da rabin batir mai 60. Idan ka ɗaura a 15, ka ga abin da ya samu Baba. ACC ya fi su, amma ni ban cika son sa ba, saboda mutanenmu na son zama a mota injin a kashe suna sauraron labarai, hita kuma na ta shan batir. Layin da ke rayuwa a ON kaɗai ya fi dacewa.

Sai dai ko shi ba a ɗora masa nauyin hitar. Umarni kawai za a karɓa daga gare shi, abincin kuma daga batir. Aikin rile ke nan, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Rile makunni ne da maganaɗisu ke rufewa. Ƙafafunsa 85 da 86 su ne na naɗin wayar maganaɗisun, abin da suke ja bai wuce amfiya 0.2 ba, kowane layi zai iya ɗauka. Ƙafafu 30 da 87 su ne bakin da ke wuce babbar wuta.

Ga yadda muka yi. Muka ja sabuwar waya mai kaurin milimita 2.5 daga kan batir mai alamar +, muka sa fiyus na amfiya 15 dab da batir, bai fi taƙi ɗaya ba. Wannan tazarar ba ado ba ce. Fiyus waya yake karewa, ba hita ba, kuma duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro. In ya goge a jikin ƙarfe, batirin da ke iya ba kik amfiya 200 zai ba wannan wayar fiye da haka, ta yi ja ta kama. Muka shigar da wayar cikin mota ta ramin da ke da robar kariya, ba ta gefen ƙofa ba, muka kai ta ƙafa 30. Daga 87 muka raba wa kujeru biyu, kowacce da ƙaramin fiyus ɗin da ya zo cikin kwalinta. Ƙafa 85 ta tafi jikin mota, a notin da kamfani ya riga ya tara wayoyin nagatif. Ƙafa 86 ita ce ta tafi layin da ke mutuwa a START. Mun yi amfani da rile mai dayod a ciki, wanda ke shanye tsallen wutar da naɗin ke yi idan an yanke masa, kuma irin wannan ba a juya shi: 86 ce ke karɓar +, in ka juya dayod ɗin ya ƙone.

Nemo layin shi ne aikin da ya fi ban sha'awa, kuma a nan nake roƙon 'yan'uwa kada ku yarda da launin waya ko abin da wani ya ce ya gani a wata motar. Sunan IG1 da IG2 ma ba ma'ana ɗaya suke da ita a kowane kamfani ba. Gwadawa ake yi. Ka ja birkin hannu, giya na kan P ko furi. Ka cire fiyus ɗin famfon mai don kada injin ya tashi da wuri ya hana ka gani. Ka maƙala testa a jikin mota, ka taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan kowane fiyus a akwatin cikin mota. Makulli a cire: duk wanda ya kama, 30 ne, ka wuce shi. Makulli a ACC: ka lura da waɗanda suka kama. Makulli a ON: ka lura da sababbin da suka ƙaru. Cikin sababbin nan ne naka yake. Sai abokin aikinka ya murɗa START na daƙiƙa uku ko huɗu kana kallo. Wanda fitilarsa ta dushe kawai, 15 ne, faɗuwar batir ce ka gani. Wanda ya mutu ɗif ya dawo da aka saki makulli, shi ne. Da mita ma haka ne, bambancin 10 da sifiri kake nema. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa goma a jere, a bar shi ya huta tsakanin gwaji.

Mu a layin fankar esi muka samu. Ba mu feƙe komai ba. Akwai wani ɗan soket da ake sayarwa mai ɗaukar fiyus biyu, ana cire fiyus na asali a soka shi a gurbinsa, na asalin ya koma ƙasa, sabon ya hau sama da wayarsa. Muka sa na amfiya 5 a saman. Abin lura ɗaya: gurbin fiyus gefe ɗaya ne ke kawo wuta, don haka bayan ka soka, ka cire sabon fiyus ɗin ka tabbata wayarka ta mutu, ka kuma cire na asalin ka ga ko taka na nan da rai. In ta mutu tare da na asalin, ka soka shi a juye, wutarka na bi ta fiyus ɗin fanka. Juya shi.

Wani zai tambaya, in motar ba ta da irin wannan layin a inda hannu zai kai fa? Akwai dabara da rile na biyu mai ƙafa biyar. Ƙafa ta biyar, 87a, a haɗe take da 30 muddin naɗin ba shi da wuta, tana rabuwa idan ya samu. Sai ka kawo layin 15 zuwa 30 ɗinsa, ka fitar daga 87a zuwa 86 na babban rile, naɗinsa kuma ka ba shi daga wayar saƙon kik, lamba 50. Da an murɗa START sai ya buɗe, babban rile ya saki, hita ta ɗauke. Akwai kuma rile mai auna wuta, wanda ba ya rufewa sai ya ga ta haura bolt 13 da ɗoriya. Tun da altaneta na caji ne a 13.8 zuwa 14.4, hita ba za ta kama ba sai injin na aiki. A tsofaffin motoci wannan ya fi kowanne kyau a ganina. A sababbi kuwa, waɗanda birenbos ke rage cajin altaneta don tsimin mai, zai riƙa kamawa yana saki kana cikin tafiya. Motocin da ake tayarwa da maɓalli su ma sai da hattara: kwamfuta ce ke raba wutar, wasu layukan na zama da rai mintuna bayan an kashe mota har sai an buɗe ƙofa. A irinsu ka nemi zanen wayarin motar tukuna, kuma ka gwada da mita, kada ka soka testa mai ƙwan fitila a wayar da ba ka san inda ta nufa ba.

Ƙarƙashin kujera kuma akwai abin da ya fi batir haɗari. Waya ko soket mai launin rawaya a wurin yawanci na jakar iska ne. Kujeru da yawa na da jakar a gefensu, ta fasinja kuma a wasu motocin tana da na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune. Kafin ka zare kowane soket a wurin, ka cire kan batir na nagatif ka jira 'yan mintuna, kuma testa ba ya zuwa kusa da rawaya ko da wasa. Shimfiɗar hita ba a naɗe ta, ba a yanka ta sai inda takardarta ta ce. Wayar da ke shiga kujera a bar mata rara, a ɗaure ta nesa da layin dogon da kujerar ke gudu a kai. Ni sai da na tura kujerar gaba da baya har ƙarshe sau biyar ina leƙe, saboda a aikin farko wayar ta riga ta fara cin ƙarfe a nan ma.

Wayar makunnin da aka feƙe muka like da dalma, muka sa mata robar da ke tsukewa da zafi. Sannan gwaji na ƙarshe: hita a kunne, hannuna a kan rile, Maigida ya murɗa. A ON na ji ƙas, ya kama. A START ya saki, ƙaramar fitilar maɓallin hita ta mutu. Injin ya tashi, ya saki makulli, ƙas, ta dawo.

Amma kada in yi muku ƙarya, ba a nan maganar ta ƙare ba. Mita ta nuna batirin Baba na sauka ƙasa da 9.6 ko da hitar ba ta cikin lissafi. Shekararsa uku. Maigida ya gaya masa gaskiya, cewa mun cire abin da ke ƙarasa shi, amma batirin kansa ya kusa. Baba ya ce fansho bai shigo ba, a bar shi ya lallaɓa. Ya lallaɓa kuwa har kusan mako uku motar na tashi, sannan wata safiya ya kira Maigida, aka aike ni da sabon batir a bayan acaɓa. Na tarar da shi zaune a cikin motar da carbi, makulli a ACC yana jin rediyo, yana ta danna maɓallin hita yana cewa mun lalata masa ita. Na ce, "Baba, lafiyarta ƙalau, sai kun tayar da mota take kamawa." Ya dube ni ya ce to wa ya ce in yi masa haka.